Darasi na 9: An Ce, Wa Ya Ce?

Idan zaɓe ya gabato, waya ba ta hutawa. Saƙon murya zai shigo WhatsApp, mai magana yana rantsuwa, bai faɗi sunansa ba, a ƙarshe ya ce: "Don Allah a tura wa kowa."

A 2018 an yi ta yaɗa cewa Shugaba Muhammadu Buhari ya rasu, wai wani Jibrin daga Sudan ne a kan kujerarsa. Maganar ta yi ƙarfi har sai da Buhari ya ƙaryata da bakinsa a watan Disamba, yana ziyara a ƙasar Poland. Kada a ce rashin karatu ne, 'yan boko da yawa sun yarda. Wanda ba ka so, ba ka wahalar gaskata mugun labari a kansa. Masu ƙirƙirar ƙarya sun san haka, shi ya sa suke biyowa ta addini da ƙabila da jam'iyya. Su karɓi kuɗinsu, a bar ka da gaba da maƙwabcin da kuke sallah sahu ɗaya.

Kafin ka tura saƙo, tambayi wanda ya aiko: wa ya faɗa, yaushe, a wane gari? Sau da yawa tsohon hoton rikicin wata ƙasa ne ake cewa na jiya ne. Saƙon da ya tafasa maka zuciya, shi ya fi buƙatar jinkiri.

Wani lokaci labarin gaskiya ne. A Fabrairu 2019 an ɗage zaɓen shugaban ƙasa da mako guda, sa'o'i kaɗan kafin a buɗe rumfuna. Amma hukumar zaɓe, INEC, ita ta sanar, gidajen rediyo suka ɗauka. Idan ka ji an ɗage zaɓe ko ɗan takara ya janye, kunna rediyo tukuna. Sakamako kuma a rumfa ake ƙirga shi a gaban jama'a, wakilan jam'iyyu su sa hannu, a manna a bango. Kana iya tsayawa ka gani da idonka.

Aikin aji: ku zauna biyu-biyu. Kowa ya faɗi wani labarin siyasa da ya ji a makon nan, ɗan'uwansa ya yi masa tambayoyin nan uku. Sannan ku rubuta waɗannan kalmomi a littafinku: ƙuri'a, rumfa, jita-jita, sakamako.