Kurakuran da aka fi yi wajen hoton bin ƙari mai motsi lokacin gashin cutar kansa da radiyeshan

Ƙarin da ke huhu ko hanta ba ya zama wuri ɗaya, duk numfashin da mara lafiya ya ja sai ya motsa, na ƙasan huhu ma yakan yi tafiyar santimita 2 ko fiye. Shi ya sa lokacin gashi, wato ƙona ƙarin da radiyeshan, inji ke ta ɗaukar eksire don a san inda ƙarin yake. To amma fa shi ma hoton radiyeshan ne, kuma ba kan ƙarin kaɗai yake sauka ba, har da lafiyayyen nama.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne a ce ai ɗan kaɗan ne, ba sai an lissafa ba. E, hoto ɗaya kaɗan ne, amma ana maimaita shi ɗaruruwa a zama ɗaya kuma zaman ba ɗaya ba ne. Ƙungiyar masana fiziks na asibiti ta Amurka, AAPM, ta ba da shawara a 2018 cewa in dos ɗin hoto, wato adadin radiyeshan da jiki ke sha daga gare shi, zai wuce kashi 5 cikin 100 na dos ɗin magani, to a saka shi cikin lissafin tsarin gashin. Sannan irin wannan eksire ɗin fata da ƙashi ne suka fi shan sa, ƙashi kan sha ninki biyu ko fiye na abin da tsoka ke sha. A auna a rubuta a fayil, shi ne gyaran.

Sai barin hoto a kunne tun daga farko har ƙarshe. Tsarin da aka fara a Jami'ar Hokkaido ta Japan yana ɗaukar hoto 30 a sakan yana bin ɗan ƙwayar zinare da aka dasa kusa da ƙarin, ka lissafa minti goma ka gani. A injin gashi mai suna CyberKnife kuwa kyamara ce ke kallon ƙananan fitilu a kan rigar mara lafiya ba tsayawa, eksire sai jefi-jefi don a tabbatar motsin waje ya yi daidai da na ciki. In kuma gashin a wani gurbi na numfashi kawai ake sakin sa, me ya sa hoto zai yi ta aiki a sauran lokacin?

Wani kuma buɗe tagar hoto, wato faɗin wurin da eksire ke haskawa, gaba ɗaya alhali ɗan zinaren kawai ake nema. A matse tagar daidai inda yake kai-kawo. Haka saitin inji ɗaya ga kowa, yaro da siririn mutum ba sa buƙatar ƙarfin da za a yi wa mai jiki.

Amma don Allah kar a zarce, wannan ya fi na baya haɗari. Wasu garin rage dos sai su rage ƙarfin hoton har ya yi dishi-dishi inji ya kasa ganin zinaren ko ya kama wani abu daban, wasu kuma su dogara da motsin ƙirji kaɗai, alhali in mutum ya yi tari ko ya saki jiki bayan wasu mintuna ƙarin kan sauya mazauni ƙirji bai nuna ba. A nan an tsira daga dos ɗin hoto amma babban gashin ya sauka a gefe, ƙarin bai samu rabonsa ba. Da numfashi ya canza a sake hoto nan take, ba rowa.

Kuma a zauna da mara lafiya kafin ranar, a koya masa numfashi a natse ko riƙe shi na ɗan lokaci, da yaren da yake ji. Mai numfashi daidai ba ya sa a yi ta tsayawa ana maimaita hoto. Inda akwai injin gashi haɗe da MRI irin MRIdian ko Unity, shi hotonsa babu eksire sam, sai dai tsada ta sa asibitoci kaɗan ne ke da shi.