Jar takarda ba ita ce shaidar bugun farko ba

Kwanakin baya wani dattijo a unguwarmu, wajen Shara Mansur a Makka, ya aika a kira ni bayan la'asar. Ya buɗe akwatin ƙarfen da yake ajiyar takardu, ya zaro Ruwan Bagaja, takardar ta yi ja kamar an tsoma ta a shayi. Ya ce, "Ɗana, an ce irin wannan yanzu kuɗi ne, duba min." Na juya bango sai ga farashi da naira da kwabo. Na ce, "Baba, naira sai 1973 ta fito, shi kuwa Abubakar Imam tun gasar 1933 ya rubuta labarin nan." Ya yi dariya ya ce ashe ma ya girmi kwafin.

Kuskuren da ya fi yawa ke nan, a ga takarda ta yi ja a ɗauka bugun farko ne. Zafin Makka da damshin Jidda ba sa barin takarda da kyanta, 'yan shekaru kaɗan sun isa ta koɗe ta fara karyewa. Ka rabu da launi, ka buɗe bayan shafin suna, inda ake rubuta maɗaba'a da shekara. Nan ma a yi hattara, domin sabon bugu yakan maimaita shekarar da littafin ya fara fitowa, sannan a ƙasa da ƙananan baƙaƙe a jera shekarun sake bugawa. Ta ƙarshe ita ce shekarar kwafin da ke hannunka. Sunan kamfani ma yana tona asiri: in ka ga NNPC ta Zariya, ta littattafai nake nufi ba ta man fetur ba, to ba a kafa ta ba sai 1966, Gaskiya Corporation kuwa 1945. Littafin shekarun 1930 da ke ɗauke da ɗaya daga cikin sunayen nan maimaici ne. Haka ISBN, lambar shaidar littafi: ba ta bazu ba sai daga 1970, mai lamba 13 kuma daga 2007.

A littattafan Larabci tarkon ya fi zurfi. Mutum ya ga "aɗ-ɗab'atul ula", wato bugun farko, a shafi sai ya zaro riyal. Alhali kowace maɗaba'a da ta karɓi littafi tana iya kiran nata bugun na farko, ko da an shekara arba'in ana buga shi a wani wuri. Mausimul Hijra ilash Shamal na Ɗayyib Salih, marubucin Sudan, a mujallar Hiwar ta Beirut ya fara fitowa a 1966. Kwafin da ya ce bugun farko amma shekararsa ta Hijira ta wuce 1400, wato bayan 1980, na farko ne a wajen mai bugawar kawai. Ga kuma kwafin hoto da ake kwaikwayo, wanda ya kwashe har shafin shekarar. Shi ana gane shi da dusashewar baƙi da ɗigo-ɗigon tawada a gefen shafi.

Na Turanci kan zo da jerin lambobi a ƙasan shafin, daga 10 zuwa 1. In 1 na nan, galibi bugun farko ne. In jerin ya tsaya a 4, karo na huɗu ke nan.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne wanda ya dace da bugun farko na gaske sannan ya ɓata shi da hannunsa. A kai wa mai tajlidi, wato mai ɗinke littafi da yi masa bango, ya cire bangon asali, ya datse gefe, ya sa fata da ruwan zinari don ya yi kyau a kantar littattafai. Ko a bi yagewa da salatif, wanda ke barin tabo mai maiƙo da ba ya fita. Masu saye bangon asali suke nema, da rigar takardar da ke lulluɓe da shi, ko ta yage. A sa shi a ambulan mai tsabta, a kwantar da shi nesa da taga da bakin na'urar sanyaya ɗaki.