Sabon Katin Hoto a Tsohuwar Kwamfuta: Abin da Za a Duba Idan Allo Ya Ƙi Kawowa

'Yan uwa, duk wanda ya saka sabon katin hoto (kayan da ke sarrafa hoton da ke fitowa a allo) a tsohuwar kwamfutar tebur sai allo ya yi baƙi ƙirin, kada ya yi gaggawar cewa katin ne ya lalace. A fara duba wayar allo, domin sau da yawa akan bar ta a jikin madabod (babban faifan da ake jona duk kayan kwamfuta a kansa) maimakon a mayar da ita kan katin.

Abin da ya fi damuna shi ne wuta. Ramin PCIe, wato inda ake soka katin a jikin madabod, ba ya ba da fiye da wat 75, saboda haka katin da ke da mashiga mai fil 6 ko 8 dole ne a jona masa waya kai tsaye daga akwatin wutar kwamfutar, wanda galibi ƙarami ne a tsofaffin injuna, ga shi kuma shekaru sun ci ƙarfinsa. Idan kwamfutar tana mutuwa da zarar an fara wasa mai nauyi, akwatin wutar za a fara tuhuma.

In fanka na juyawa amma babu hoto, a mayar da tsohon katin a sabunta BIOS (manhajar madabod da ke tada kwamfuta), domin wasu sababbin katuna ba sa jituwa da madabod ɗin da ya riga UEFI (sabon tsarin da ya gaji BIOS) fitowa. Sannan a goge tsofaffin direbobi (manhajojin da ke sarrafa katin) da DDU, manhajar goge su, kafin a saka sababbi.