Firam ɗin keke: na ƙarfe ko na alminiyam?

Kafin ka taya keke, a kasuwar Jega ne ko Birnin Kebbi, ɗora maganaɗisu a jikin firam. In ya manne, ƙarfe ne. In ya faɗi, galibi alminiyam ne. Kada fenti ya ruɗe ka, musamman a kekunan gwanjo.

Nauyin alminiyam kusan kashi ɗaya cikin uku ne na ƙarfe, amma bai kai shi tauri ba, shi ya sa ake yi masa bututu masu kauri. Idan an gama haɗawa, bambancin firam biyun bai cika wuce kilo 1 zuwa 2 ba. Ɗan makaranta zai ji sauƙin. Wanda ke ɗaura jarkoki biyu masu lita 25 a kariya kuwa, kilo 50 ya ɗauko, ina zai lura da kilo ɗaya?

Wajen gyara ne maganar take. Ƙarfe yakan lanƙwashe kafin ya karye, kuma ana iya miƙe shi. Idan ya tsage, a kankare fenti da tsatsa, a huda ƙaramin rami a ƙarshen tsagar don kada ta ci gaba, sannan a yi waldar gas da sandar tagulla. Waldar lantarki takan ɓula bututun, don ba shi da kauri sosai. Alminiyam kuwa tsagewa yake yi ba sallama, yawanci a bakin walda: ƙarƙashin wuya, gindin sirdi, da mahaɗar feda. Yana narkewa a digiri 660 ba tare da ya yi ja ba, sai mai walda ya ga rami kawai. Waldarsa sai da injin iskar agon, kuma irin alminiyam ɗin da ake kira 6061, wanda ake yawan yin firam da shi, sai an sake gasa shi a masana'anta kafin ƙarfinsa ya dawo. Idan ya lanƙwashe kada a miƙe shi, karyewa zai yi.

Ciwon ƙarfe tsatsa ce, kuma daga ciki take ci. Masu shiga fadamun Argungu da Yauri da damina su riƙa cire sandar sirdi, su kifa keken ruwa ya tsiyaye, su ɗiga baƙin mai a ciki, su shafa wa sandar giris kafin a mayar. Sandar alminiyam a cikin firam ɗin ƙarfe, in ba giris, cijewa take yi har sai an yanka.

Mai dakon shinkafa ko ruwa ya sayi na ƙarfe. Na alminiyam na kan kwalta ne, shi ma a wanke shi, a duba kowace walda a hasken rana kafin a biya kuɗi.