Idan tsohon gidanku a Iran ya dafe ƙirji

Duk wanda ya zo karatu Ƙum ko Mashhad ko Tehran, in dai ba ɗakin kwanan ɗalibai ya tare ba, da wuya ya kama haya bai tarar da tsoho a gidan ba. Sau da yawa mai gidan ne da matarsa a hawa ɗaya, kai da iyalinka a ɗayan, 'ya'yansu kuwa sun yi aure sun watse, wasu ma suna Kanada ko Jamus. A ƙasar nan babu abin da ya kai cututtukan zuciya da jijiyoyin jini kashe mutane. Saboda haka kada ka yi mamaki in wani dare ya zo da kai baƙo ne mafi kusa da Haj Aga, wato mai gidan, lokacin da zuciyarsa ta buga.

Abu na farko, ba zai faɗa maka ba. Mutanen Iran suna da ta'aruf, wata irin kara da ta fi tamu zurfi, tsofaffinsu kuma su ne gwanayenta. Za ka ga mutum yana haɗa gumi cikin sanyi, fuskarsa ta yi fari fat, amma ka tambaye shi ya ce "cizi nist", ba komai, ya ƙara da "zahmat nakesh", kada ka wahalar da kanka. Mu kuma an rene mu a kan cewa ba a musu da babba. Idan kawaicinsa ya haɗu da kunyarka, sai a kwana ana girmama juna, naman zuciya yana mutuwa. A wannan gaɓar saɓa wa tsoho shi ne ladabi.

Na biyu, zai ɗora wa ciki laifi. Magungunan gargajiyarsu sun raba abinci gida biyu, mai zafi da mai sanyi, don haka Haj Hanum, wato matarsa, za ta ce kokwamba da madarar da ya sha da rana ne suka sa masa sanyi. Nan da nan za ta haɗa shayi da nabat, wato dunƙulen sukarin nan mai kama da ƙanƙara, ko ta zuba masa ruwan na'ana'a, ko ta dafa furen gol-gawzaban da suke sha don kwantar da hankali. Ba laifi ba ne a ranar da ƙwarnafi ne da gaske. Matsalar ita ce bugun zuciya a jikin tsoho, musamman mace ko mai ciwon suga, ba lalle ya zo da ciwon ƙirji mai tsanani ba. Yana iya zuwa da tashin zuciya, sarƙewar numfashi, kasala ta farat ɗaya, ko ciwo a muƙamuƙi, baya da hannun hagu. Ka kuma sani cewa Ba'iraniye yakan ce zuciyarsa ba daɗi alhali damuwa yake nufi. Wani masani ɗan Amurka, Byron Good, ya rubuta a kan haka a 1977 bayan zamansa a garin Maraghe. Wannan ya sa iyali kan saba da koken har su daina razana. Kai dai ka dubi jikin, ba maganar ba.

Lambar motar asibiti 115 ce, kyauta ne, ka ajiye ta a waya tun yau. Ko Farisancinka bai nuna ba, ka haddace "sekte-ye ƙalbi", wato bugun zuciya, da adireshin gidanka har lambar lungu da ta ƙofa. Kada ka kira tasi ta manhajar Snapp, kada ka tsaya jiran ɗan da ke wata unguwa. Ma'aikatar lafiya tana da wani shiri da ake kira 247: ma'aikatan motar kan ɗauki awon zuciya tun a gida, su wuce da mutum kai tsaye asibitin da ake buɗe jijiyar da ta toshe dare da rana. Direban tasi bai san wannan asibitin ba. Kafin su iso, ka zaunar da shi, ka tambayi wanda ke kan layi ko a ba shi asfirin ya tauna, ka tattara ledar magungunansa, domin wasu masu ciwon suna da ƙwayar da ake sawa ƙarƙashin harshe.

Akwai tambaya ɗaya mai nauyin baki. A wasu yankuna, irin su Kerman da Golestan, tsofaffi da dama suna shan teryak, wato ofiyom, bisa imanin cewa yana sauke suga da hawan jini. Binciken da aka yi kan mutum kusan 50,000 a Golestan, wanda aka buga a 2012, ya nuna akasin haka: haɗarin mutuwar masu sha ya kusan ninka na waɗanda ba sa sha. Ba hurumin ɗan haya ba ne ya yi wa mai gida wa'azi, amma in ka sani, ka raɗa wa likita a gefe.

Bayan an tsallake, sai ka ga yadda suke ɗaukar jarrabawa. Waɗannan mutane ne da suka ga yaƙin Iran da Iraƙi daga 1980 zuwa 1988, ba sa son a gan su a kwance. Tawakkali ne a bakinsu, sai bakance: matar za ta yi alkawarin dafa shole-zard, shinkafar zaƙi mai za'afaran, ta raba wa maƙwabta, ko su kai ziyara hubbaren Imam Rida a Mashhad. In kwano ya iso ƙofarka, ka karɓa ka yi addu'a, ko da fahimtarka ta addini daban ce. 'Ya'ya kuma sukan ɓoye wa iyaye girman ciwon don kada su karaya, saboda haka kada ka shiga dubiya ka fara maimaita abin da ka ji likita ya ce a baranda. Ka riƙe ruwan 'ya'yan itace ko gwangwanin abarba kamar yadda suke yi, ka ce "Hoda shafa bede", wato Allah ya ba da lafiya, ka taƙaita zama.

Abin da ya fi ci musu rai bayan sallama ba ɗan bututun da aka sa a jijiya ba ne, wanda suke kira fanar. Takurawa ce. An hana gishiri, an hana kalle-pace, farfesun kai da ƙafa da ake karyawa da shi, an hana shisha, sallah ta koma kan kujera, azumi sai abin da likita ya ce. Mutumin da ya saba fita sayo burodin sangak da asuba yanzu an ce ya zauna, ga hayaƙin Tehran na lokacin sanyi da ake gargaɗin masu ciwon zuciya kada su fita cikinsa. Wasu sukan shiga ƙunci, wasu su daina shan magani da zarar sun ji sauƙi. In za ka gidan burodi, ka sayo har da nasa. Zai ƙi karɓa sau biyu, ka nace a na uku.