Kurakuran da iyaye ke yi wajen tsare matasa daga ƙwaya da tuƙin ganganci

Sau da yawa iyaye su ne na ƙarshen sanin ɗansu ya fara shaye-shaye, bayan unguwa ta daɗe da sani. Dalili kuwa, suna jiran manyan alamu ne, wato tangaɗi, sata, ko ɗaga wa uwa murya, alhali kafin a kai nan an yi watanni ana sha. Alamun farko ƙanana ne, kuma kowane kayan maye da nasa. Mai shan kodin ko tramadol za ka ga ɗigon baƙin idonsa ya tsuke, yana yawan susa, yana gyangyaɗi ana cikin magana, bayan gida kuma yana yi masa wuya. Wiwi tana ja da ido, ta buɗe ciki. Sholisho yana barin wari a tufa da ƙuraje a gefen hanci da baki. Roci, wata ƙwayar sa barci, kan rina harshe ya yi shuɗi. Alama ɗaya ba ta isa hujja ba, amma in biyu ko uku suka haɗu da faɗuwar karatu da sauya abokai, a zauna da yaro cikin makon nan.

Wasu iyayen kuma maza kawai suke sa wa ido. Binciken da aka yi a Najeriya a 2018 tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ya nuna mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da kayan maye, kuma ɗaya cikin huɗu mace ce. Yarinya ba ta buƙatar fita lungu. A ɗaki take sha, ko gidan biki, an juye maganin tari cikin robar lemo. Gwamnati ta hana shigo da maganin tari mai kodin da haɗa shi tun watan Mayun 2018, amma bai ɓace daga kasuwa ba.

Kuskuren da ya fi yin ɓarna shi ne abin da ake yi ranar da aka gano. Uba ya ɗauko bulala, uwa ta ce kada kowa ya ji, a kulle yaro a ɗaki. Duka yana koya masa ɓoyewa ne kawai. Kullewar kuwa tana da haɗari na gaske: wanda jikinsa ya saba da roci ko diazepam, in aka yanke masa lokaci guda, yana iya kamuwa da jijjiga irin ta farfaɗiya. Likita ne ke rage masa sannu a hankali. Mai tramadol ma zai sha ciwon jiki, zufa, gudawa da rashin barci na kusan mako guda, kuma wannan azabar ce ke mayar da yawancinsu ruwa. Haka nan gidan mari ba asibiti ba ne. A Satumban 2019 'yan sanda sun fito da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawansu da sarƙa a ƙafa. Wurin zuwa shi ne asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kaduna, Maiduguri ko Kware ta jihar Sakkwato, ko na Dawanau a Kano, ko sashen ba da shawara na hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi. Addu'a da nasihar malam suna tafiya tare da magani, kada a ajiye ɗaya domin ɗaya.

Maganar farko a yi ta lokacin da yaron yake cikin hayyacinsa, ba a gaban ƙannensa ba. A faɗi abin da aka gani ƙarara: “Na tsinci fatar ƙwaya a aljihunka, kuma kwana uku ke nan ba ka tashi asuba. Me kake sha, tun yaushe?” In yana jin nauyin mahaifinsa, a sa kawu ko yayan da yake sakewa da shi. A nemi sunan abin, yawan da yake sha a rana, da wanda ke sayar masa. Likita zai buƙaci biyun farko. A duba ƙarfin ƙwayar ma, domin tramadol na asibiti miligiram 50 ne ko 100, na bayan fage kuwa yakan kai 200 ko 225.

In aka tarar da yaro a sheme, kada a ɗura masa madara ko manja, kada a sa masa yatsa a maƙogwaro. Wanda ba ya cikin hayyacinsa, abin da aka ɗura masa huhu yake wucewa. A kwantar da shi ta gefe, a ɗan ɗaga haɓarsa, a ƙirga numfashinsa na minti ɗaya. In bai kai 12 ba, ko leɓensa ya sauya launi, a garzaya asibiti tare da kwalbar ko fatar ƙwayar. In yana jijjiga, a kawar da abin da zai buge shi, ba a cusa cokali a baki.

Batun tuƙi kuwa, iyaye da hannunsu suke miƙa makulli. Ɗan shekara 14 ya iya tayar da babur, sai a mai da shi ɗan aiken gida, har a riƙa yabonsa. Doka ba ta ba da lasisi sai an cika 18, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin hanya ne kan gaba wajen kashe 'yan shekara 5 zuwa 29. Iya sarrafa kan babur daban, iya auna tazarar tirela a mahaɗa daban, kuma na biyun sai da shekaru yake zuwa. Motar da ke gudun kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 14 a daƙiƙa ɗaya, don haka duba waya na daƙiƙa biyu tafiyar mita 28 ce ido a rufe.

Ga wanda ya kai shekarun, cewa “ka riƙa yi a hankali” ba sharaɗi ba ne. A gindaya abin da za a iya dubawa: ba tuƙi bayan magariba a watannin farko, ba ɗaukar abokai, ba shiga ayarin kai amarya ko gangamin siyasa inda ake tsere da wasa da mota. Hular kwano a ɗaure maɗaurinta yadda yatsa biyu kawai za su shiga ƙarƙashin haɓa, domin wadda ba a ɗaure ba ita ke fara tashi kafin kai ya taɓa kwalta. Makulli ya kwana a ɗakin uba, kuma in an karya sharaɗi a karɓe shi na mako biyu ba tare da zagi ba. A sa masa lambar 122 ta hukumar kiyaye haɗurra a wayarsa, a kuma yi masa alkawarin da za a cika: duk daren da abokin da ke tuƙa shi ya sha wani abu, ya sauka ya kira gida, za a zo a ɗauke shi, faɗa sai da safe.