Awon kuɗin takarda a sikeli: kurakuran da ke cinye jarin sababbin ƴan kasuwa

Na gaji da ganin samari a babbar kasuwar Maraɗi suna aza bandir ɗin kuɗi bisa sikeli, su leƙa lamba, su ce "ya cika", su jefa a jaka. Sikeli nauyin takarda yake gaya maka. Bai san jika goma (sefa 10,000) ba, bai san dala ɗari (sefa 500) ba.

Kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne yarda da nauyi ba tare da buɗe bandir ba. Wata shekara na sayar wa wani baƙo aya, ya ba ni miliyan shida, bandir shida na ƴan jika goma. Magariba ta gabato, mota na jira, na auna kowane ɗaya, duk suka zo kusan daidai. Washegari a banki aka kwance. Huɗu daga ciki an cusa musu ƴan jika biyar goma-goma a tsakiya. Jika ɗari biyu suka tafi, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Ga dalilin da ya sa sikeli bai kama ba. Takardar jika goma milimita 146 ce a tsawo, 77 a faɗi; ta jika biyar 140 da 74. Kowace ɗaya nauyinta wajen giram ɗaya ne, bambancinsu bai kai kashi goma cikin ɗari ba. Ka musanya goma cikin ɗari, abin da ya ragu bai cika giram guda ba, amma jika hamsin sun fita daga aljihunka. Tun daga ranar ba na karɓar bandir sai na lanƙwasa shi na bi gefensa da babban yatsa. Jika goma shunayya ce, jika biyar tsanwa. In akwai baƙuwa a ciki, launi da gajartarta za su tona ta.

Ku kuma masu karɓar naira daga ƴan Jibiya da Katsina, naku ya fi muni. Naira 200 da 500 da 1000 duk girmansu ɗaya ne. Me kake aunawa, ɗan'uwa? Haka dalar Amurka take: daga ta 1 har ta 100 kowace giram ɗaya ce, kilo guda yana iya zama dala 1,000, yana iya zama 100,000. Yaro ya ɗauki jarin mahaifinsa, ya kasa zama na minti goma ya ƙirga, wai sauri yake. Saurin me? Wanda ke gaggauta ka wajen karɓar kuɗi, shi ya kamata ka fi tsare wa ido.

Kuskure na biyu shi ne riƙe lamba ɗaya a ka shekara da shekaru. Takardar sefa ta auduga ce, tana shan laima. Bandir ɗin da ka auna da hunturu ba zai ba ka lamba ɗaya da na watan Agusta ba. Tsofaffin takardun da suka sha gumi da man ƙuli, aka lilliƙe su da salatif, sun fi sababbin banki nauyi, har 98 su yi maka kamar ɗari. Ni abin da nake yi, kowace safiya ina ƙirga ɗari da hannuna daga irin kuɗin da ke yawo ranar, in auna, in gwada sauran da shi. Wanda ya kauce ko da giram ɗaya, a kwance shi.

Cire roba da takardar naɗi kafin awo. Kada ka auna kuɗi da sikelin gero, nemi ƙarami mai nuna kashi ɗaya cikin goma na giram, ka aza shi inda fanka ba ta kaɗawa. Naira 5 zuwa 50 na leda ne, ware su daban. Jabu kuma da farar takarda da aka yanka daidai girma, su ma nauyi gare su, sai ka ɗaga su a haske ka duba zare da hoton ruwa.